Yadda Ake Tara Ƙananan Mutum-mutumin Wasan Sitimfank da Yi Musu Fenti a Yanayin Bauchi

Wasannin teburi na salon sitimfank wasanni ne da mutum biyu suke yi da ƙananan mutum-mutumi, waɗanda tsayin yawancinsu yake tsakanin milimita 28 da 32, kowa da 'yar tawagarsa, ana auna tafiyarsu da tef ana yanke hukuncin arangama da dayis ko da kati. Duniyar da ake wasan a cikinta ƙagaggiya ce, an ɗora ta a kan zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, sai aka ƙaddara cewa injin tururi ya bunƙasa har ya haifar da sojojin ƙarfe masu tafiya da ƙafa, da jiragen sama masu tukunyar wuta, da bindigogi masu bututun tagulla. Galibin mutum-mutumin nan ba sa zuwa a haɗe, ba sa kuma zuwa da launi. Mai su ne zai harhaɗa, ya fente, kuma a wannan salon ƙarfe shi ne kan gaba: wanda ya iya fitar da tagulla da baƙin ƙarfe da tsatsa ya ci rabin aikin. Sauran rabin, a nan Bauchi, kokawa ce da ƙura da zafi, domin yawancin darussan da ake gani a intanet an yi su ne a ƙasashen sanyi.

Kayan aiki

Fenti na akirilik ake amfani da shi, wato mai narkewa da ruwa wanda idan ya bushe ba ya sake narkewa. Sanannun kamfanoninsa su ne Vallejo na Sifen, da Citadel na Ingila, da Army Painter na Denmak. Mai farawa ba ya buƙatar fiye da kala goma: baƙi, fari, ja, shuɗi, rawaya, ruwan ƙasa mai duhu, ruwan ƙasa mai ja-ja, sai kalolin ƙarfe uku, wato tagulla da jan ƙarfe da azurfa mai duhu. Idan waɗannan ba su samu ba, akirilik na masu zane da ake sayarwa a tiyub a shagunan littattafai yana aiki, muddin za a sirka shi sosai. Fentin mai na gini kuwa, da kalar ruwa ta 'yan makaranta, kada ka ko gwada su, na farkon yana toshe duk wani ƙaramin zane, na biyun kuma hannu kawai yake jira ya goge.

Burushi uku sun isa: lamba 1 ko 2 mai tsinin baki domin yawancin aiki, lamba 0 domin ido da madanni, da wani tsoho mai faɗin kai wanda ba ka jin ɓacinsa. Tsinin baki ya fi ƙanƙanta muhimmanci, kuma a busasshiyar iskarmu ƙaramin burushi yakan bushe tun kafin ya kai jikin aikin. Sai wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, da ƙaramar filaya mai yanka, da samfefa mai laushi ko abin goge farce, da sufa gulu, da tsohon buroshin haƙori, da gwangwanin feshi na firaima marar sheƙi, wato shafin share fage da fenti ke kamawa a kai, da banish, wato ruwan da ake shafawa a ƙarshe don kare fenti, da kofunan ruwa biyu, da murafun gorar ruwa, da wani roba mai murfi da za a riƙa kife aiki da shi. Fitila mai farin haske wajibi ce ga mai aikin dare, kuma mai caji ta fi, don kada ɗauke wuta ya same ka da jiƙaƙƙen fenti a burushi.

Mataki na 1: Zaɓen wasa da sayen tawagar farko

Ka zaɓi wasa kafin ka sayi komai, kuma ka nemi abokin da za ku zaɓa tare, domin tawaga ɗaya ba ta yin wasa. Malifaux na kamfanin Wyrd, wanda ya fito a 2009, da kati ake yinsa maimakon dayis, a kan teburi mai ƙafa uku tsawo da faɗi, kuma tawaga ba ta cika wuce mutum goma ba. Warmachine, wanda Privateer Press ya fitar a 2003 kafin ya koma hannun Steamforged Games a 2024, shi ne gidan manyan sojojin ƙarfe masu cin gawayi, amma yana neman kaya da yawa. Ni wanda nake ba mai farawa shawara a kai shi ne In Her Majesty's Name, wanda Osprey ya buga a 2013, saboda ƙa'idojinsa sun yarda ka shigo da mutum-mutumin kowane kamfani, ka kuma tsara tawagarka yadda ka ga dama, abin da yake da amfani ƙwarai ga wanda kayansa ke zuwa ɗai-ɗai daga nesa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da siffar mai rai ba, yana iya tsayawa a kan injuna, ko ya koma Dystopian Wars, wanda galibinsa jiragen ruwa ne, kuma duk bayanin ƙarfen da ke tafe zai yi masa aiki.

Kayan daga waje suke zuwa, ko ta oda ko ta hannun matafiyi, kuma kuɗin dako kan yi nauyi, don haka gara mutum biyu ko uku su haɗa oda ɗaya. Wata hanyar ita ce sayen fayil ɗin siffar a intanet a kai wa masu injin buga abubuwa na 3D a manyan birane, a nemi su buga da rezin, wato wani ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri, domin injin da yake zuba zaren roba yana barin layi-layi da ke ɓata fuska. Kada ka sayi fiye da akwati ɗaya a karon farko, kuma kada ka sayi na biyu sai ka gama fentin na farko. Ka kuma lura da girma, domin ɗan milimita 28 idan ya tsaya kusa da ɗan 32 sai ya zama kamar ƙaninsa.

Mataki na 2: Yankewa, kankarewa da wanki

Ka fara sanin da me aka yi abin da ke hannunka: ƙarfe ne mai haɗin kuza, ko roba mai tauri, ko rezin. Ka yanke sassan da filaya daga firam ɗinsu, wato sandunan da suke zuwa a manne da su, kana barin ɗan saura da za ka gyara da wuƙa. Bayan haka ka bi siririn layin da zubi ya bari a gefen jiki, ka kankare shi da bayan wuƙa. Mutane da yawa suna raina layin nan saboda ba ya fitowa a kan toka-tokar roba, amma da zarar fenti ya hau, musamman a kan tukunyar tururi ko doguwar hula, shi ido zai fara gani. Ƙurar rezin tana cutar da huhu, saboda haka ka jiƙa samfefar da ruwa, ka kuma rufe hanci. Idan bindiga ko sanda ta rezin ta lanƙwashe a hanya, ka tsoma ta a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na ɗan lokaci, ka miƙar da ita, ka tsoma a ruwan sanyi. Daga nan ka wanke na ƙarfe da na rezin da ruwan sabulu da buroshin haƙori, domin akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi, kuma fenti ba ya kama shi.

Mataki na 3: Haɗawa

Ka gwada kowane sashe a mazauninsa kafin ka sa gam. Ɗigo ɗaya na sufa gulu ya isa, yawansa yana rage ƙarfinsa ne. Wannan gam da laimar iska yake daskarewa, shi ya sa a hunturu za ka riƙe hannu da kafaɗa tsawon lokaci su ƙi kamawa. Maganinsa ka hura wa ɗaya ɓangaren numfashi, ko ka taɓa shi da ɗanyen yatsa, sannan ka haɗa. Roba mai tauri tana da nata gam na musamman mai narkar da ita ta haɗe, amma wannan ba ya yin komai a kan ƙarfe ko rezin.

Manyan hannayen ƙarfe na sojojin tururi ba sa zama da gam kaɗai. Ana huda rami mai faɗin milimita ɗaya a ɓangarorin biyu, a sa guntun wayar kilif ɗin takarda a tsakiya, sannan a manne. Wanda ba shi da ɗan abin huda na hannu ya je wurin mai gyaran agogo ko mai gyaran tabarau. Idan ka je, ka roƙe shi matattun agoguna, domin ƙananan ƙafafu masu haƙora da ke cikinsu su ne adon da 'yan wannan salon suke saye da tsada a waje, kai kuwa a layin masu gyara na Kasuwar Wunti za ka iya samun su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gibin da ya rage tsakanin sassa a cike shi da ɗankon ifoksi mai kala biyu da ake murzawa, irin wanda ake toshe yoyon tanki da shi. Idan wani sashe zai rufe ƙirji ko fuska, a bar shi a ware sai an gama fenti.

Mataki na 4: Firaima

Ka manne kowane mutum-mutumi a kan murfin gora ko guntun katako, don kada yatsunka su sake taɓa shi. Ga wannan salon baƙar firaima ta fi, domin ƙarfe ya fi kyau a kan duhu, kuma lungun da burushi bai kai ba sai ya zama inuwa. Ka girgiza gwangwanin minti biyu, ka fesa a waje daga nisan kamar santimita 25, da gajeren feshi mai wucewa, kana juya aikin.

A nan ne yanayinmu ya fi yin ɓarna. A tsakar ranar Maris ko Afrilu fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin ya fito da gurza-gurza, kuma babu gyara sai wankewa. Ka yi feshi da sassafe, bayan asuba da hantsi bai ɗaga ba, ka kuma matso kaɗan. A hunturu ka kife aikin da roba nan take, ka bar 'yar kafar iska. Firaimar mota da ake samu a shagunan kayan gyara tana aiki a kan ƙarfe da roba mai tauri, amma a kan roba mai laushi takan ƙi bushewa ta yi danƙo, don haka ka fara gwadawa a kan guntun firam. Idan babu feshi gaba ɗaya, akwai firaimar da ake shafawa da burushi, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mu a yawancin watannin shekara. Ka bar shi ya kwana kafin mataki na gaba.

Mataki na 5: Faranti mai laima da shafin farko

Ɗigon akirilik a kan busasshen faranti ba ya minti biyar a nan. Ka samu roba marar zurfi mai murfi, ka shimfiɗa tishu ninki huɗu ko siririn soso, ka jiƙa shi har ya ƙoshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, ka ɗora takardar gashin kek a kai, wadda masu sayar da kayan kek suke da ita. A kan takardar za ka riƙa ɗiga fenti, laima tana ratsowa daga ƙasa. Ka riƙa sauya tishun duk bayan kwana biyu ko uku saboda fumfuna.

Ka sirka fenti da ruwa har ya yi kaurin madarar gwangwani. Shafi biyu ko uku sirara, kana jiran kowanne ya bushe, sun fi shafi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, kada wannan ya sa ka ƙara kauri, na biyu zai daidaita shi. Ka fara daga ciki zuwa waje: fata, sai riga, sai kwat, sai ɗamara da jaka. Kada fenti ya kai gindin gashin burushi, domin idan ya bushe a can bakin ya tsage ke nan. Ka taƙaita kalar tufafi zuwa biyu ko uku masu duhu, kamar shuɗin baba ko jan garura, kuma duk tawagar ta yi tarayya a kala ɗaya don a gane ta daga nesa.

Babu dokar da ta ce sai Turawa za a fenta. Baƙar fata tana fitowa da kyau idan aka fara da ruwan ƙasa mai duhu, aka haskaka goshi da karan hanci da kumatu da ruwan ƙasa mai ja-ja wanda aka ɗiga wa rawaya. Kada a haskaka ta da fari, yana mayar da ita toka. Da ɗan ɗankon ifoksi kuma ana iya naɗa wa injiniya rawani a ƙarƙashin tabaransa.

Mataki na 6: Ƙarfe

Ka ware kofin ruwa ɗaya da gefen faranti ɗaya domin kalolin ƙarfe, saboda ƙyalƙyalinsu yana bin ruwa ya shiga fuska da riga. Ka girgiza kwalbar sosai, domin garin yana kwanciya a ƙasa.

Kafin ka taɓa burushi, ka tsaya gaban tsohon keken ɗinki na tela ka dube shi da kyau. Jikinsa baƙi ne, amma ba baƙi ɗaya ba: inda hannu ke yawan sauka ya goge har farin ƙarfe ya leƙo, zanen ruwan gwal ya kode a tsakiya ya rage a gefe, kewayen kowane noti akwai duhun mai da ƙura, ƙafar da ake takawa kuma tana sheƙi a baki tana da tsatsa a lungu. Abin da za ka kwaikwaya ke nan, duhu a lungu, goguwa a baki, datti inda mai ke taruwa.

Tagulla ba ta rufe baƙi da kyau, saboda haka ka fara shafa ruwan ƙasa mai duhu a duk inda za ta hau, sannan ka bi da tagullar shafi biyu. Jan ƙarfe kuma a kan ruwan ƙasa mai ja-ja. Baƙin ƙarfe ana yinsa da azurfa mai duhu kai tsaye a kan baƙar firaima. Kuskuren da na fi gani wurin masu farawa shi ne mayar da inji gaba ɗaya ruwan gwal, har ido ya rasa inda zai sauka. Ka bar gangar jiki da ƙafafu a baƙin ƙarfe ko a wani fenti mai duhu, tukunya da bututu su zama jan ƙarfe, tagulla kuwa ta tsaya a baki-baki da madanni da agogon awon tururi.

Mataki na 7: Inuwa da haske

Ruwan inuwa fenti ne tsararo da yake gangarawa lungu ya kwanta. Na kamfanin Citadel da aka fi sani su ne Nuln Oil, baƙi, da Agrax Earthshade, ruwan ƙasa. Baƙin na baƙin ƙarfe ne, ɗayan kuma na tagulla da fata da jaka. Idan babu su, ka sirka fenti kashi ɗaya da ruwa kamar kashi shida, ka taɓa bakin tsinke a sabulun ruwa ka juya a ciki don ya daina taruwa ɗigo-ɗigo. Kada ka bar shi ya yi tafki a shimfiɗaɗɗen wuri, ka tsotse rarar da tsabtataccen burushi tun yana ɗanye, kuma idan ya fara bushewa kada ka sake taɓa shi.

Bayan ya bushe sarai, ka ɗebi azurfa da tsohon burushin nan, ka goge a tishu har ya zama kamar babu komai, sannan ka riƙa sharar bakunan ƙarfe da shi a hankali. Kusoshi da haƙoran inji za su taso nan take. Tagulla kuma a haskaka ta da tagulla mai ɗigon azurfa, a saman da haske ke sauka kaɗai. Fensirin 2B da aka goga a bakin takobi ko bindiga yana ba da sheƙin ƙarfen da ya sha hannu, wanda fenti ba ya kamo shi.

Gilashin tabarau, wanda kusan kowa a wannan duniya yake sanye da shi, ana cike shi da shuɗi ko kore mai duhu, a ja siririn lauje na kala mai haske a ƙasa ta gefe ɗaya, a ɗiga fari ƙanƙani a sama ta ɗaya gefen.

Mataki na 8: Tsatsa, hayaƙi da mazauni

Baƙin ƙarfe ne yake jan tsatsa, jan ƙarfe da tagulla kuwa kore mai shuɗi-shuɗi suke yi, kada a sauya musu. Ga tsatsa, ka sirka ruwan ƙasa mai ja-ja ka ɗiga kewayen kusoshi, ka ja shi ƙasa yadda ruwan sama zai gangara da shi, sannan ka ƙara ɗan ruwan lemo a tsakiya. Wanda yake son ganin ainihin kalolinta ya leƙa tsofaffin ƙarafan da ke tashar jirgin ƙasa ta Bauchi, a kan layin da ya isa Maiduguri a 1964, zai ga tsohuwar tsatsa duhu take yi, sabuwa ce mai haske. Koren jan ƙarfe kuma a haɗa shuɗi da rawaya kaɗan da fari, a tsarara shi ƙwarai, a sa a mahaɗar bututu kawai. Bakin bututun hayaƙi a shafa masa garin gawayi da busasshen burushi. A duk wannan, kaɗan ake so, domin injin da ake fita yaƙi da shi yana da mai kula da shi.

Mazauni, wato ɗan faifan da mutum-mutumin yake tsaye a kai, a shafa masa farin gam na kafinta, a tsoma a yashin da aka tankaɗe aka wanke, a bar shi ya bushe, a fente shi da duhu a share da haske. Rabin ƙafar agogo da ta nutse a yashin, ko guntun waya a matsayin bututu, ya isa ado. Gefen mazaunin a zagaye shi da baƙi.

Mataki na 9: Banish da ajiya

Abin da za a riƙa ɗauka ana ajiyewa a kan teburi dole a kare shi. Banish marar sheƙi yana gyara tufafi amma yana kashe ƙarfe, don haka ka shafa marar sheƙin ko'ina, sannan ka koma da mai sheƙi a kan tagulla da gilashi, ko ka sake sharar bakunan da azurfa. Banish ɗin katako na kafinta yana rawaya da daɗewa, a nisance shi. Kada ka fesa banish a ranar da hadari ya haɗo ko a laimar Agusta, domin yakan yi fari kamar an barbaɗa gari. Idan hakan ta faru, shafi ɗaya na mai sheƙi yakan dawo da shi. Aikin da ya lalace gaba ɗaya kuwa, a jiƙa na ƙarfe ko na roba mai tauri a Dettol ya kwana, a goge da buroshin haƙori kafin ruwa ya taɓa shi, sannan a wanke da sabulu. Rezin ba ya jure dogon jiƙo, a gwada a guntu tukuna.

Wurin ajiya, ka manne ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin kowane mazauni ka jera su a gwangwanin biskit mai murfi, ko ka yanka ramuka a guntun soson katifa. Kada ka bar su a cikin mota a rana, ko a saman kabad kusa da rufin kwano, domin rezin da roba suna lanƙwashewa. A ɗaga su daga inda hannun yara zai kai, saboda ƙananan sassan suna haɗiyuwa, kuma tsofaffin na ƙarfe da ake saye na hannu wasunsu da darma a ciki.